Da ɗan gari kan ci gari: ga masu shirin zagayen Ha Giang a kan babur

Ƙannena maza da mata, masu kallon bidiyon duwatsun arewacin Biyetnam a TikTok kuna cewa in Allah ya yarda wata rana sai kun taka wurin: ku je, ya cancanci kuɗin jirgi. Amma idan kun je, ku bari ɗan ƙasar ya goya ku. Shawarar da aka ba ni ke nan tun a Hanoi na yi kunnen uwar shegu da ita, kuma kusan duk wahalar da na sha daga nan ta samo tushe.

Harkar kashu ce ta kai ni ƙasar. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fasa kashu da sarrafa shi, kuma ɗanyen da masana'antunta ke aiki da shi mai yawa daga Afirka ake lodo shi, har da Najeriya. Da na gama abin da ya kai ni a kudu, sai na haura arewa. Daga Hanoi zuwa garin Ha Giang kimanin kilomita 300 ne, yawanci a motar dare mai gadaje ake zuwa. Daga nan zagayen yake farawa: a bi ta Quan Ba, a wuce Yen Minh, a kai Dong Van da Meo Vac dab da iyakar Sin, sannan a gangaro a dawo, wajen kilomita 350, a kwana uku ko huɗu. Lokacin da na je Ha Giang lardi ne mai zaman kansa. Tun Yulin 2025 an haɗe shi da Tuyen Quang, saboda haka kada ku ruɗe idan kun ga sunan ya sauya a taswira.

Masu shirya tafiyar zaɓi biyu suke ba mutum. Ko ka karɓi babur ka bi jagora a ayari, ko a haɗa ka da direba ɗan yankin ka zauna a baya. Ni da na tashi ina hawan Jincheng tun ƙafata ba ta kai ƙasa, jin an ce wani yaro zai goya ni sai na ji kamar raini ne. Na ce a ba ni makulli. Aka nuna mini mai giya irin su Honda Wave da Blade, aka nuna mini roba-roba wadda ba ta da giya, murɗa totur kawai. Na zaɓi roba-robar don ta fi daɗin zama. Mai shagon ya yi wata magana, jagoranmu ya fassara mini cewa mai giya ta fi dacewa da dutse. Na yi murmushi na ce na gode.

Ga abin da ban sani ba. Titin da na saba da shi shimfiɗaɗɗe ne, matsalarsa cunkoso da ramuka. Na can kuwa hawa ne da gangara, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗaya gefen, a wasu wuraren babu ko shinge. A doguwar gangara, mai babur mai giya yakan saka ta biyu ya bar inji ya riƙe shi, birki kuwa ɗan taɓawa kawai. A roba-roba kana sakin totur sai ta sulale da kai, dole ka damƙe birki ka riƙe, birkin ya yi ta ɗaukar zafi har ka ji ka matse amma babur bai san kana yi ba. Haka ta faru da ni bayan mun bar Yen Minh. Allah ya taimake ni ba gudu nake ba, kuma kwanar da ta kayar da ni ta ɓangaren dutse ce. Tsakuwa ta kwashe tayar gaba, na zube, tafin hannuna da gwiwata suka sale, salansa ta manne mini a ƙauri ta bar tabon da har yau yana nan. Silifa ce a ƙafata da wando mara kauri. Hular kwano kaɗai na saka daidai, ita ma don doka ce, tun Disambar 2007 ta zama wajibi a ƙasar.

Ciwon jiki ya warke, na aljihu ne ya daɗe. Na biya gyaran babur, na biya ɗaurin rauni a wani ƙaramin asibiti, da na tuntuɓi kamfanin inshorar tafiyata tambayar farko da suka yi ita ce lasisi. Lasisin mota ne a hannuna. Biyetnam tana karɓar lasisin ƙasa da ƙasa ne na yarjejeniyar Vienna ta 1968, ba na Geneva ta 1949 ba, kuma sai an haɗa shi da lasisin ƙasarka wanda ya nuna an yarje maka tuƙa babur. Duk babur ɗin da girman injinsa ya haura cc 50 yana buƙatar lasisi, waɗanda ake haya don wannan zagaye kuwa yawanci cc 110 ne ko fiye. A idon doka na yi tuƙi ba lasisi, saboda haka ko sisi ba su biya ba. Tun daga Janairun 2025 ma an ƙara tsananta tara, ta kai miliyoyin dong, wato kuɗin ƙasar, kuma 'yan sanda suna kafa shinge a kan hanyar don sun san baƙi da yawa ba su da takarda. Kada mai haya ya ce muku babu matsala ku yarda. Shi kuɗinsa yake nema, ba shi za a tsare ba.

Sauran tafiyar a bayan wani saurayi ɗan ƙabilar Tay na yi ta, wanda da ƙyar ya kai shekarun ƙanena na uku. A nan na gane cewa tun da muka taso ban ga Biyetnam ba, kwalta kawai nake kallo. Shi ya san kwanar da babbar mota ke ɓullowa ba sanarwa, ya san inda ruwa ke tsiyaya daga dutse ya sa titi santsi, kuma kafin kowace makauniyar kwana sai ya danna hon. Da farko na ɗauka masifa ce, ashe sallama ce, ana gaya wa na ɗaya gefen ga ni nan tafe. Ni kuma idona ya samu sarari. Na ga yadda 'yan ƙabilar Hmong ke noman masara a tsakanin baƙaƙen duwatsu, inda babu fili ko na shimfiɗa tabarma: mace ta goyo ƙasa a kwando ta zuba a ramin dutse, ta jefa ƙwaya biyu ko uku. Gona guda duk haka aka yi ta, rami bayan rami, har saman tsauni. Wannan tudun na Dong Van ne UNESCO ta saka cikin jerin wuraren duniya masu duwatsu na musamman a 2010.

Sai mashigin tsauni na Ma Pi Leng, kimanin kilomita 20 tsakanin Dong Van da Meo Vac. Titin a jikin dutse aka sassaƙe shi, can ƙasa kogin Nho Que yana kwance kore shar, jiragen ruwan da ke kansa ba su fi ƙwayar shinkafa ba a ido. Hanyar da ta taso daga Ha Giang zuwa Meo Vac an fara ta a 1959 aka gama a 1965, da guduma da ƙarfen haƙa, kuma a wannan yanki ma'aikata sun shafe watanni suna rataye da igiya suna sarar dutse. Wasunsu a nan suka rasu, akwai maƙabartarsu a Yen Minh. Wanda ke riƙe da kan babur a wannan wuri ba shi da ikon ɗaga kai ko na daƙiƙa biyu. Ka biya kuɗi ka keto duniya, sannan ka wuce wurin da ya fi ko'ina kyau kana zare ido a kan layin titi, wannan asara ce ko da ba ka faɗi ba.

Girman kai ya kayar da ni a titi, kunya kuma ta bar ni da yunwa a gida. A ƙauyuka gidajen mutane ake sauka, da dare a jera kwanuka a tsakiya kowa ya ɗiba. Naman alade shi ne naman yau da kullum, kuma ko ganye ne ana iya soya shi da kitsensa. Sannan ga barasar masara da suke dafawa da kansu, mai gida ya zagayo da ƙananan kofuna, a ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi a kurɓe tare. Daren farko na kasa cewa komai. Na ɗebi farar shinkafa na yi ta juya ta, aka miƙo kofi na karɓa na ajiye a gabana, mai gida ya yi ta satar kallona yana zaton abincin matarsa ne bai yi mini ba. Na kwana da yunwa, shi ya kwana da ɓacin rai. Da safe jagoranmu ya ji labari ya riƙe baki: me ya hana ka faɗa tun a ofis? Waya ɗaya ya buga wa gidan da za mu sauka gaba. Da muka isa an soya mini ƙwai da man gyaɗa a wani kasko daban, ga awara da tumatir, ga kifi, ga ganye. Aka kawo men men, garin masara da Hmong ke turarawa, wanda in ka rufe ido ka ce dambu ne. Da aka zo zagayen kofi na ɗaga shayina aka yi ihun tare da ni, babu wanda ya damu.

Saboda haka ku faɗi bukatarku tun ranar da za ku biya kuɗi, a rubuce, ku sa a rubuta muku da harshensu a waya: ba na cin alade, ba na cin abin da aka soya da kitsensa, ba na shan barasa. Mutanen can sun saba da masu cin ganyayyaki saboda mabiya addinin Buddha, neman abinci marar nama ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Haka ma salla. Masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc a tsohon garin Hanoi shi ne na ƙarshe da za ku gani. A kan dutse sai dai ƙaramar darduma a jaka da manhajar alƙibla. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, amma sai direbanka ya san kana buƙatar minti goma bayan abincin rana, in ba haka ba ayari zai tashi kana tsakiyar alwala.

Maganar barasa tana da wani gefe da ya fi abinci muhimmanci. Tun Janairun 2020 dokar ƙasar ba ta yarda a samu ko ɗigo a jinin mai tuƙi ba. Duk da haka akwai ayarin da shagali ne ya tara su, babura ashirin ko talatin, a raba dare ana kiɗa da waƙa, da safe a hau titi da jajayen idanu. Ni mafi araha na nema na faɗa cikin irinsu, araha kuwa ba ta ado. Ku tambaya mutum nawa ne a ayari, ku nemi ƙarami, ku tambaya ko direbobi suna sha da dare. Ranka ne a hannunsa, tambayar ba rashin kunya ba ce.

Sanyi ma ya ba ni mamaki, don na baro birnin Ho Chi Minh da ke kudu ina gumi. Tudun ya haura mita 1,000, a Disamba da Janairu yakan kusa daskarewa, hazo ya rufe hanya. Damina kuma, daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin zaftarewar ƙasa ce. Oktoba da Nuwamba sun fi, sama a washe. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa, safar hannu da takalmi sau-ciki, ko da goya ku za a yi. Ku riƙe tsabar kuɗi don ƙauye ba ATM, kuma ku duba takarda kafin ku miƙa: ta dong 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne, na taɓa biyan kuɗin kofi da babbar, mai shagon ce ta biyo ni da canji.

A kwanar Tham Ma za ku ga yara da kwandunan furanni a baya suna jiran a ɗauke su hoto. Na zaro kuɗi na raba, ina jin na yi sadaka. Direbana ya bari sai da muka yi nisa sannan ya ce mini, a hankali, duk ranar da yaro ya samu kuɗi a bakin titi, gobe ba zai je makaranta ba. In kuna son taimako, ku sayi saƙar hannu ko zuma a wurin iyayensu. Ku ma za ku zama abin kallo, don baƙar fata ba ta yawaita a can. Za a nemi hoto da ku, wata tsohuwa ma ta shafa hannuna ta duba yatsunta. Ban ga mugunta a ciki ba, in kun gaji ku girgiza kai da murmushi, ana fahimta.

Wajen tsara kwanaki, ku sa safiyar Lahadi ta same ku a Dong Van ko Meo Vac. Ranar ce kasuwa ke ci, Hmong da Dao da Lo Lo su sauko daga tsaunuka tun duhun asuba cikin tufafinsu na gargajiya, a Meo Vac har da kasuwar shanu. Ni ranar Litinin na isa, na tarar ana share rumfuna. Idan kuma kuna son hawa hasumiyar Lung Cu, inda tuta mai faɗin murabba'in mita 54 ke wakiltar ƙabilu 54 na ƙasar, da gidan sarautar Vuong a Sa Phin, to ku ɗauki tsarin kwana huɗu, kuma ku tabbatar an saka takardar izinin shiga yankin iyaka cikin kuɗin da kuka biya.