Gubar da ta shigo lambuna ta cikin taki

Wanda ya ɗauri aniyar noman kayan lambu ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, yawanci hankalinsa yana kan iri da ƙwari da ruwa, kuma ni ma a nan nawa yake. Irin tumatir da na shuka nawa ne, wanda na cire daga 'ya'yan da suka nuna a kan uwarsu, na wanke, na shanya a inuwa. Renonsa bai ba ni wahala ba, domin ƙasar da na yafa shi a ciki tsohuwar ƙasar lambun ce da na gauraya da yashi, kuma ya fito da kauri da kore har ya isa dashe. Matsalar ta biyo ta ƙofar da na fi amincewa da ita, wato takin dabbobi.

Wani mai kiwo ne ya ba ni kashin shanu da ya daɗe a tare, baƙi wuluk, ya ruɓe har yana marmashewa a hannu, ba shi da wari. Duk wata alama da ake dubawa a taki mai kyau yana da ita. Na zuba shi a komaye, na juya ƙasa, na yi dashe. Bayan kamar mako biyu zuwa uku sai sabon ganyen da ke fitowa a kan tumatir ya soma nannaɗewa ciki kamar cokali, ya yi siriri da tauri, kan tsiron kuma ya murɗe ya daina miƙewa. Tsohon ganyen da ke ƙasa lafiyarsa ƙalau, kuma launin bai canza zuwa rawaya ba. Na fara zargin cutar nan mai nannaɗe ganye wadda farin ƙuda ke yaɗawa, na bi bayan ganyayyaki ɗaya bayan ɗaya, ban ga ƙwaron da zai iya yin wannan ɓarna ba. Daga nan wake ya bi sahu, latas ma ya tsaya cak.

Abubuwa biyu ne suka buɗe mini ido. Akwai komi ɗaya a ƙarshen lambun da takin bai kai gare shi ba saboda ya ƙare, kuma tumatir ɗin da ke cikinsa, iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, yana girma ba tare da wata alama ba. Sannan masarar da na jera a gefe, wadda ta sha takin fiye da komai, ko gezau ba ta yi ba. Da na koma wurin da aka tara takin, sai na lura cewa a kan tsibin babu abin da ya tsiro sai ciyawa mai siririn ganye, babu ko ɗaya mai faɗin ganye, alhali tsohon tsibin taki ya saba cika da su.

Abin da ya faru shi ne, ciyawar da shanun suka ci an fesa mata maganin kashe ciyawa daga dangin aminopyralid, clopyralid da picloram. Ana amfani da su a makiyaya da gonakin hatsi domin suna kashe tsiro mai faɗin ganye su bar dangin ciyawa, irin su masara. Suna kwaikwayon sinadarin da ke sarrafa girman tsiro ne, shi ya sa sabon toho ke murɗewa. Dabba tana cin ciyawar ba ta cutu ba, maganin ya ratsa cikinta ya fita a fitsari da kashi da ƙarfinsa. Tumatir, wake, dankali da latas suna jin illarsa ko da abin da ke cikin ƙasa bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin biliyan ba. A shekarar 2008 masu ƙananan lambuna da yawa a Ingila sun yi irin wannan asara, har aka dakatar da sayar da aminopyralid a can na wani lokaci. Mai kiwon da ya ba ni takin ya ce shi ciyawa kawai yake saye, bai san abin da aka fesa mata ba, kuma na yarda da shi, amma har yau abin yana ci mini rai cewa babu wanda ya ga ya dace ya faɗa wa na gaba da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ruɓewar taki ba ta magance wannan. Zafin da tsibi ke ɗauka idan an haɗa shi daidai yana kashe irin ciyawa da cututtuka da dama, amma wannan magani yana iya zama a cikin tsibi shekaru, domin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa ne ke warware shi, kuma suna buƙatar iska da danshi. Saboda haka na tuge abin da ya lalace na fitar da shi daga lambun, ban zuba shi a ramin takina ba, na riƙa juya komayen ina ba su ruwa, na shuka masara a kai. Karan masarar ma ban mayar da shi ƙasa ba, tunda yana iya riƙe ragowar maganin. Sa'ar da na yi ita ce ban yafa irin tumatir ɗin duka ba, kuma irin tumatir yana kai shekara huɗu da rai idan an adana shi a busasshen wuri mai sanyi.

Yanzu babu taki, ko harawa, ko busasshiyar ciyawar rufe ƙasa da ke shiga lambuna sai ta ci jarrabawar wake. Ina ɗibar takin daga wurare daban-daban na tsibin, domin maganin ba ya bazuwa daidai, in gauraya rabi da rabi da ƙasar da na amince da ita, in cika 'yan tukwane, in kuma cika wasu da ƙasa zalla don kwatanci. Kowace tukunya tana zama a kan faifanta, don kada ruwan wata ya gangara cikin wata. In shuka wake a duka, in jira kamar mako uku har ganye na gaskiya ya fito hawa biyu ko uku, domin ganyen farko yakan fito lafiya ya ruɗi mutum. Idan sabon ganye ya nannaɗe a tukwanen taki ya miƙe a sauran, takin ba zai taɓa komayena ba, komai kyawunsa a ido. Mai ba ni taki kuma ina tambayarsa abin da dabbobinsa ke ci da inda aka yanko shi, kuma ko ya amsa mini da rantsuwa, sai na shuka waken.