Godiya ga waɗanda suka riƙe hanyar magani lokacin korona

Assalamu alaikum. Mu masu aikin sito da ɗakunan magani a jihar Bauchi, akwai bashin godiya a wuyanmu tun 2020.

Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a ƙarshen Afrilu, an ce motar magani ta wuce. A takarda ke nan. A kan titi kuwa, kowane shinge sai an tsaya an duba takardar kaya, ga Kano a kulle, alhali a lokacin yawancin maganinmu daga kasuwar Sabon Gari ta Kano yake fitowa. Direbobin da suka bi ta Ningi, da na hanyar Jama'are zuwa Azare, da azumi a bakinsu cikin wannan zafi, Allah ya saka muku da alheri.

Jinkirin shinge ba ƙaramar ɓarna ba ce. Insulin, da allurar tsayar da jini bayan haihuwa, da alluran rigakafin yara, duk tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su. Kun ajiye akwatin sanyi a inuwa, ba ku buɗe shi barkatai ba. Masu lodi ma sun kiyaye abin da mutane da yawa ba su sani ba: robar ƙanƙarar da aka ciro daga firiza ba a jera ta cikin akwatin nan take, sai ta ɗan saki, an girgiza an ji motsin ruwa a ciki. In ba haka ba, allurar penta (rigakafin cututtuka biyar na yara) da ta tetanus su daskare, kuma wadda ta daskare ta tashi aiki ko da ta narke. Ido ba ya ganewa, abin tsoron ke nan.

'Yan dako masu ɗaukar tukwanen iskar oksijin, mun gode. A ɗaure tukunya tamau, a sa mata hularta, kada hannu mai maiƙo ko giris ya taɓa bakinta, don wuta take kamawa. Haka kuka yi.

Masu Keke Napep da 'yan acaɓa da suka kai maganin hawan jini da na tarin fuka ƙauyuka sa'ad da aka rufe Katagum da Giade da Zaki, ba mu manta ba. Mai tarin fuka in ya yanke magani, cutar kan dawo ta ƙi jin magani.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinku, Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.