Kwana huɗu a kan dutsen Sukur

Da jerin kalmomin Hausa na hau dutsen Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa. Niyyata in zauna da dattawa su faɗa mini sunan kowace kalma da harshensu, wanda su suke kira Sakun, in rubuta, in sauko. Na ɗauka aikin kwana ɗaya ne. Ai an ce Sakun da Hausa dangin juna ne, dukkansu cikin rukunin harsunan da masana ke kira Cadi suke.

Hawan kansa ya fara rage mini girman kai. Hanyar an shimfiɗe ta da duwatsu tun zamanin kakanni, tana bi ta tsakanin gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, har fadar sarkinsu da ake kira Hidi. Waɗannan ne suka sa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya. Ni ina haki, wata tsohuwa da kaya a kai ta wuce ni tana yi mini sannu.

Kuskurena na farko dariya ce. Dattijon da aka haɗa ni da shi ya nuna matarsa ya ce da Hausa, "Shi ma ya iya." Na yi murmushi, irin na Bakano da ya ji an mai da mace namiji. Ya gani. Sai ya ce, "To ɗana, kai ma faɗi namu." Ya furta wata kalma mai wani sauti da ake fitarwa ta gefen harshe, tsakanin "l" da "sh". Hausa ba ta da shi. Na gwada sau uku, yara suka kwashe da dariya. "Baba, a yi mini aikin gafara," na ce. Shi yana jin Sakun, da Margi, da Fulatanci, da Hausar da nake yi wa murmushi. Ni kuwa ko sunan abin da ke gabana na kasa kamawa.

Jerin nawa ma bai yi amfani sosai ba. Na zo da "gona", "dutse", "rumbu", kalma ɗaya-ɗaya. Su kuwa sai su tambaye ni wane dutse nake nufi, na gini, na niƙa, ko na shingen gona? Kwana na biyu na ajiye littafin, na roƙi izini na kunna rikodar waya, na bar su suna nuna mini abubuwa. A gindin tsohon murhun narka tama aka fi ba ni kalmomi, domin da ƙarfe aka san mutanen Sukur a yankin tsaunukan Mandara kafin sana'ar ta mutu. Saurayin da ke yi mini tafinta ya yi ta tsayawa yana tambayar kakansa, don wasu kalmomin shi ma ranar ya fara jin su. Nan na gane in ana neman tsohuwar magana, gara a zauna da mata tsofaffi a bakin murhu, su da ba su cika zuwa kasuwar gindin dutse ba, Hausa ba ta cuɗe musu baki ba.

Akwai kuma abin da ba a gaggawar tambaya. Harin Hamman Yaji na Madagali, mai kamun bayi a farkon ƙarni na 20, har yau yana cikin hirarsu, ga ƙunar da Boko Haram ta yi musu a 2014. Baƙo Bahaushe da biro a hannu ba lallai a sake da shi a ranar farko ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ranar saukowa na sake gwada kalmar nan a gaban dattijon. Ya girgiza kai, ya ce saura kaɗan, in dawo bayan girbin dawa.