Makirufon kwandansa mai sauƙin kuɗi don jita da murya

Kuɗin makirufo kaɗai ba ya ɗaukar waƙa. Makirufon kwandansa, irin mai saurin kama sauti da ake amfani da shi a sutudiyo, in mai soket ɗin XLR ne, wato mai ƙafa uku, ba zai ce uffan ba sai an ba shi wutar 48V da ake kira fantom, kuma wannan wutar daga intafes take fitowa, akwatin nan da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Don haka a raba kasafi tun farko: makirufo, intafes irin Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22, wayar XLR, sandar makirufo da ragar tare iska. Mai son ɗaukar jita da murya a lokaci guda da makirufo biyu sai ya nemi mai mashiga biyu, kamar Scarlett 2i2.

Makirufon BM-800 da ya cika kasuwa, mai kyalli kamar na babban sutudiyo, a bar shi. Idan aka kwance kansa, ɗan ƙaramin maɗaukin sauti ne a ciki, kuma yawanci da wayar 3.5mm yake zuwa. Arha gare shi, amma huci yake zubawa a ƙarƙashin kowace kalma.

Wannan hucin shi ne abin dubawa a takardar bayanan kowane makirufo, domin jita da ake kaɗawa da yatsu sautinta a hankali yake fita, dole a ƙara ƙarfin shigar sauti a intafes, shi kuma hucin ya taso tare da shi. Audio-Technica AT2020 hucinsa desibel 20 ne, a ma'aunin ƙarfin sauti. Ya wadatar ga murya mai ƙarfi da jitar da ake bugawa da kyau. Yayansa AT2035 ya sauko zuwa 12, yana da maɓallin yanke ƙasan sauti daga 80Hz da na rage ƙarfi da desibel 10, ya kuma zo da mariƙi mai roba da ke shanye girgiza. Rode NT1-A kuwa desibel 5 kacal, sai dai samansa na da kaifi, yana fito da "s" da "sh" fiye da kima ga mai siririyar murya. A ganina AT2035 ne tsaka-tsaki mafi dacewa ga mai makirufo ɗaya tilo. Wanda jita kawai ta dame shi, tagwayen makirufo masu ƙaramin tantani (fatar ciki da ke kama sauti) irin Rode M5 sun fi kama ƙarar tsirkiya dalla-dalla.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ajiye makirufon. Hannu yakan kai shi kai tsaye bakin ramin jita, alhali nan ne iska ke fita da kauri, sai a ji sautin ya yi gum kamar ana kiɗa cikin randa. A nufi firet na 12, wato layin ƙarfe na 12 a wuyan jita, zuwa inda wuya ya haɗu da gangar jiki, tazarar santimita 20 zuwa 30. In sautin ya yi siriri, a ɗan karkata shi wajen ramin kaɗan-kaɗan. In ya yi kauri, a ja baya. Ga murya, santimita 15 zuwa 20, ragar a tsakani. Matsowa sosai na kumbura ƙasan murya, ɗabi'ar duk makirufon da ke ji ta gaba kawai ce. Kuma waɗannan manyan, AT2020 da AT2035 da NT1-A, ta gefe suke ji, ɓangaren da tambarin kamfani yake. Mai rera waƙa ta saman kansa ko ta bayansa zai yi ta zargin makirufo a banza.

Ƙarfin shiga kada ya taɓa kai jar alama a ma'auni. A sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, a daidaita har ƙololuwa ta tsaya tsakanin desibel -12 da -6.

Sai ɗaki. Kwandansa kunnen zomo gare shi: fanka, janareton maƙwabta, babur a layi, duk zai kwaso. Ɗakin siminti marar kaya kuwa amsa-kuwwa yake yi. A shimfiɗa kafet, a rataya bargo mai kauri a bayan mawaƙi, domin can ne fuskar makirufon ke kallo, a kashe fanka na mintunan ɗauka ko da gumi zai zuba.

Danshi da ƙura su ne ajalin makirufon kwandansa. Da damina, in ya fara ƙaras-ƙaras kamar ana suya, sau da yawa laima ce ta kwanta a tantanin. A sa shi cikin akwatinsa da ƙullin silika mai tsotse laima, na kwana ɗaya ko biyu. Lokacin hunturu a rufe shi da zarar an gama. Kafin cire waya, a rage lasifika, a kashe 48V, a ɗan dakata daƙiƙu kaɗan.