Kwana 14 na farko a Indiya: abin da ɗalibi zai shirya tun yana gida

Da zarar biza ta fito, hankalin yawancin ɗalibai sai ya koma kan akwati da sallamar dangi. Alhali ranar da jami'in shige da fice ya buga maka hatimi a filin jirgin Delhi ko Mumbai, wani lissafi ya fara. Duk baƙon da bizar karatunsa ta haura kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, wato FRRO, cikin kwana 14 da sauka. Ba a jiran a fara darasi, ba a jiran ka huta gajiya. Wanda ya makara tara ce ke jiransa, kuma makarar tana nan a tarihinsa ranar da zai nemi ƙarin wa'adin biza.

Rajistar ta intanet ake yi, a shafin e-FRRO. Za ka ɗora hotonka, da shafin fasfo mai bayananka, da shafin biza, da wanda aka buga hatimin shigowa, da takardar makaranta mai tabbatar da cewa kai ɗalibinsu ne, da shaidar wurin kwana. Abu biyu a ciki ba a hannunka suke ba, kuma nan ake maƙalewa. Makaranta ce ke shigar da sunanka a Form S, wato fom ɗin da take sanar da hukuma ɗaliban waje da ke karatu a wurinta. Mai masauki kuma, ko otal ne ko ɗakin kwanan ɗalibai ko mai gidan haya, shi ke cike Form C, wato fom ɗin sanar da hukuma inda baƙo ya sauka, cikin awa 24 da zuwanka. To ga ɗalibi ya sauka a ɗakin ɗan garinsu don ya rage kashe kuɗi, mai gidan bai ma san da shi ba, balle ya cike masa fom. Kwana goma su wuce yana yawo tsakanin ofishin ɗaliban waje da mai gidan da ba ya ɗaga waya. Shi ya sa ya fi alheri ka karɓi ɗakin makaranta a zangon farko ko da bai yi maka ba. Kafin ka sayi tikiti ka rubuta musu, su ba ka amsa a rubuce: ina zan kwana daren farko, kuma wa zai cike Form C?

Sai batun suna, wanda ya fi cin mu fiye da kowa. Fasfo ya ce Muhammad, sakamakon WAEC ya ce Mohammed, takardar gurbin karatu ta ce Muhammed. Ko kuma sunan uba ya zo gaba a wata takarda, ya koma baya a wata. A gida an saba, kowa ya san mutum ɗaya ne. A can harafi ɗaya ya isa a dawo maka da takardunka. Fasfo shi ne alƙali: ka sa makaranta ta gyara takardarta ta dace da shi harafi da harafi tun kafin neman biza, inda kuma tsohon satifiket ne da ba ya gyaruwa, ka taho da takardar rantsuwa ta kotu. Ka riƙe ainihin takardunka a jakar hannu, da kwafi uku na kowacce, da ƙananan hotuna masu farin bango kamar dozin biyu. Layin waya hoto, banki hoto, ɗakin kwana hoto.

Katin rigakafin shawara ba abin wasa ba ne a wurinsu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya karɓa ana gobe tafiya kamar bai karɓa ba ne, kuma ana iya killace shi har kwana 6 a filin jirgi. Tun 2014 kuma Indiya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da take neman shaidar ɗigon shan inna daga matafiyansu, a karɓa aƙalla mako 4 kafin tashi. Ka je ofishin lafiya na filin jirgi da kanka a yi maka duka biyun. Katin da wani ya ce zai kawo maka har gida ba tare da allura ba, ka bar masa abinsa.

Ka riƙe dala a hannu da za ta ishe ka wata guda, domin asusun banki ba ya buɗuwa sai takardun zama sun kammala, kuma biyan kuɗi ta waya da kowa ke yi a can, wato UPI, sai da asusu da layin ƙasar. Tsabar kuɗin da ta haura dala 5,000 sai an bayyana ta ga kwastam. Kada ka sa albashi a lissafinka, bizar karatu ba ta ba ka damar yin aiki ba.

Maganin da kake sha ya zo a kwalinsa tare da takardar likita. Tiramadol yana ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi a Indiya tun 2018. Kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe da hannunka ba, ko da ɗan unguwarku ne.

Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji sun cancanci kilo biyu ko uku a akwati. Kilishi kuwa nama ne, ana iya ƙwace shi, kuma jihohi da yawa sun haramta yanka saniya, naman ɓauna ake sayarwa a madadinsa. Idan arewacin ƙasar za ka, sanyin Disamba da Janairu ya fi hunturunmu cizo, amma bargo da rigar sanyi a can za ka saya. Ka kuma faɗa wa mutanen gida cewa agogon Indiya yana gaba da na Najeriya da awa huɗu da rabi, kada Hajiya ta idar da sallar isha'i ta kira ka, kai kuwa dare ya raba.