Inda lambun bayan ɗakina ya kwana bayan ruwan farko

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon lambu. Ga halin da ɗan filin bayan ɗakina yake ciki a nan Zariya, yanzu da Mayu ya kusa raba tsakiya kuma sama ta fara taɓawa.

Zogale ne ya fara yi min albishir. A ƙarshen rani na datse su daidai ƙirji, har maƙwabciyata na cewa na kashe su. Yau ku zo ku gani. Kowane kututture ya yi tofo ta ko'ina, ganye ƙanana masu laushi, kore shar, kuma hannu na kaiwa ba sai an ɗauko gora ba. Zogale in an bar shi sama yake gudu, ganyen ya tattare can ƙololuwa, shi ya sa datsewar take da amfani. Rassan masu kauri ban zubar ba. Na yanka su tsawon kamu biyu, na kafa jikin katanga ina ɗan ba su ruwa, yawancinsu sun kama. Kwaɗon farko da muka yi da wannan tofo, da ƙuli-ƙuli da 'yar albasa, daɗinsa daban yake da na busasshen ganyen da muka ci duk rani.

Amma ina roƙon ku, kada ƙamshin ƙasa ya sa ku juye irinku gaba ɗaya. Ruwan farko yakan jiƙa sama ne kawai, ya ɗauke kwana goma ko fiye, rana ta dawo da zafin bazara ta ƙone abin da ya tsiro. Masu binciken noma a yankin Sahel suna da ma'auni: ruwan shuka shi ne wanda ya kai milimita 20 cikin kwana uku, sannan ba a yi fari fiye da kwana bakwai ba a cikin wata gudan da ya biyo baya. Rabin farko kowa zai iya aunawa a gida. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo da bishiya. In ruwan da ya taru ya kai santimita 2, an samu. Rabi na biyu kuwa Allah kaɗai ya san shi sai ya wuce, don haka na raba irina kashi uku, ɗaya kawai na saka a ƙasa. Mu a nan damina takan zauna ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Mutanen Katsina da Maraɗi sai ku ƙara haƙuri.

Abin da na shuka bai da yawa. Alayyahu fangali guda, na cuɗa irin da yashi saboda ƙanƙantarsa, in ba haka ba wuri ɗaya zai cunkushe. Kafin mako ya zagayo ya fito, jajaye-jajaye da farko, kuma nan da mako uku zuwa huɗu za a fara tsinka. Wannan shi nake so duk mai koyo ya fara da shi, domin ba ya sa mutum dogon jira. Kuɓewa na jiƙa ta kwana, ƙwara biyu a rami, tazarar kamu guda. Irin lalo taurin kai gare shi, sai an tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan an tsame kafin ya yarda ya tsiro. Tafasa ita ta kawo kanta bakin magudana, na bar ta.

Taki, kashin awaki ne da ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. Su kansu kajin da ƙadangaru su ne babbar matsalar wannan lokaci, tunda babu wani kore a unguwa sai fangalina. Tsohon gidan sauro da 'yan sanduna huɗu sun raba ni da su.

Rama da yakuwa suna nan a kwalba. In gwangwanina ya sake kai santimita 2, su ne na gaba in sha Allah, tare da kashi na biyu na kuɓewar.