Kribi, inda kogi ke zuba cikin teku

Daga Ngaoundere na hau jirgin ƙasa na dare, gari na wayewa muna Yaounde, na ɗan tsaya unguwar Briketeri wajen ƴan uwa na karya kumallo sannan na nemi motar Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru. Hanyar ta Edea take bi, ka tsallake kogin Nyong, daga nan sai gonakin kwakwar manja da daji kore shar har ka gaji da kallo. Ni da na saba da sararin arewa wlh sai naji kamar itatuwan zasu rufe mu.

Da yamma muka shiga gari, iska mai gishiri gishiri, jiki na danƙo. Ban yi wani yawo ba na kwanta.

Abun da ya kaini dama kifi ne, dan haka da safe na tari mashin sai bakin ruwa, wajen da kogin Kienke ke haɗuwa da teku, nan masunta ke sauke kaya. Jama'a kuzo kuga kifi! Kwale-kwale na isowa samari na rugawa cikin ruwa har gwiwa suna ɗauko kifi a manyan robobi, mata ƴan sari sun kewaye kowa na ɗaga murya da Faransanci, wani kifin tsawonsa ya kai hannuna, ga kaguwa tana motsi, ga jatanlande manya manya irin wanda ban taɓa gani ba. Ka zaɓi naka ka yi ciniki, kuma kayi cinikin sosai dan suna ganin baƙo suke ninka kuɗi, sai ka miƙa wa mata masu gashi dake gefe. Matar da ta gasa min a gabana ta kankare shi ta tsattsaga bayansa da wuƙa, ta cusa niƙaƙƙen kayan ƙamshi da tafarnuwa da citta cikin tsagar, tana juyawa kan gawayi tana shafa mai har fatar tayi ƙus ƙus. Ta haɗo min da bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, da barkono mai tada gumi. Mu da muka tashi da banda da busasshen kifi, gaskiya wannan wani abu ne daban, naman fari tas yana rabuwa da ƙaya da kansa.

Amma na tausaya wa masuntan. Yawanci Batanga ne da Mabi, ƴan asalin wajen, wasu sai su kwana cikin teku a ɗan kwale-kwalen katako, kuma wanda na zauna dashi yana ɗinkin raga kukansa ɗaya, kifi yayi nisa, man inji yayi tsada, manyan jirage na kwashewa. Hannunsa duk kanta. Tun daga lokacin na rage zafin ciniki.

Washegari na tafi Lobe, baifi kilomita 8 kudu da gari ba. Kogi ne guda ya taho daga daji ya rarrabu kan duwatsu yana zubowa kai tsaye cikin tekun Atlantika, tsayin yakai wajen mita 20, mai kwale-kwale ya matsa damu kusa har feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf, ƙara kuwa ko maganar na kusa dakai baka ji. Ni dai Subhanallah kawai nake ta maimaitawa ina riƙe da gefen jirgi gam.

A cikin gari akwai tsohuwar hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906, kuma nan ne bututun man Chadi yake ƙarewa, sai sabuwar tashar manyan jiragen ruwa can kudu wadda ta fara aiki a 2018. Naso in ƙarasa Ebodje inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai, ruwan sama ya ɓata hanya direbobi suka ƙi. Wanda zaije ya bari sai rani, Disamba zuwa Fabrairu, in sha Allah nima lokacin zan koma.